Inda na kwana kan iyafis ɗin da suka ƙi haɗuwa da waya

'Yan'uwa masu koyon gyara, ga bayanin aikin dare uku da na yi a kan wasu iyafis marasa igiya da ƙanwata ta miƙo mini bayan ta haƙura da su ta jefa a aljihun tebur na tsawon makonni. Irin nan ne guda biyu masu kwana cikin ƙaramin akwatin caji, ba su da wani sanannen suna. Ƙorafinta ɗaya ne, wato idan ta buɗe akwatin ta kunna Bluetooth, wayarta ba ta ganinsu ko kaɗan.

Daren farko a kan wayar na ɓata shi, kuma laifina ne. Bayan na cika akwatin da caji, na kashe Bluetooth na sake kunnawa, na kashe wayar ita ma na kunna, da abin ya faskara sai na shiga saitin Android na danna wurin da ke mayar da tsarin sadarwa yadda yake a farko. Abin da ban tsaya na karanta ba shi ne, wannan umarni yana share kalmomin sirrin Wi-Fi da aka ajiye, haɗe da duk wata na'urar Bluetooth da wayar ta taɓa sani. Iyafis ba su bayyana ba, ga kuma mai waya tana tambayata me na yi wa intanet ɗinta. Da na fara gwada su da tawa wayar, da minti biyu sun isa in gane cewa tata ba ta da laifi, domin tawa ma ba ta gan su ba.

A dare na biyu na ajiye waya gefe na zuba wa ƴar fitilar jikinsu ido, kuma nan ne aikin ya fara tafiya. Da na ciro na dama, fitilarsa ta yi shuɗi sau ɗaya, sannan ta koma ƙyaftawa a hankali, sai an ɗan jima ta sake. A irin waɗannan, wanda ke neman sabuwar waya yakan riƙa sauya ja da shuɗi da sauri ba tsayawa, don haka wannan natsuwa tasa ta nuna mini cewa ya riga ya sami abin da ya maƙale wa. Iyafis yakan fara neman na'urar ƙarshe da ya yi aiki da ita, idan kuwa ya same ta, yawancinsu ba sa ƙara nuna sunansu ga kowa. Ashe abin da ya maƙale wa kwamfutar ƙanwar tawa ce a ɗakin da ke kusa, a kunne, kuma nisan da Bluetooth na irin waɗannan kaya ke kaiwa ya kai wajen mita 10, bango ɗaya ba ya hana shi. Ina kashe Bluetooth ɗin kwamfutar, na dama ya fara ja da shuɗi, sunansa ya fito a waya, na danna ya haɗu.

Sai dai kunne ɗaya ne ke magana. Na hagu ko fitila bai nuna ba, a cikin akwati da wajensa.

Na kusa ɗauko reza in ɓare shi, kuma ina gode wa Allah da ban yi ba. Da gam ake manne su, sannan ƙaramin batirin litiyam ɗin da ke ciki yana daf da fatar roba, idan bakin reza ya huda shi yana iya kumbura ko ya kama da wuta. Maimakon haka, a dare na uku na sa gilashin ƙara girma na leƙa ramin da na hagu ke zama. Kowane rami yana da ƴan fil biyu masu ruwan zinare, waɗanda ke nutsewa idan an danna su sannan su dawo sama, saboda akwai ɗan sifirin a cikin kowanne. A ramin dama duka biyun suna tsaye daidai, amma a na hagu ɗaya ya nutse ya ƙi tasowa, wani baƙin datti ya kewaye gindinsa. A jikin iyafis ɗin kuma, ɗaya daga cikin ɗigon ƙarfe biyun da fil ke taɓawa ya yi kore-kore, aikin gumi da dattin kunne. Na jiƙa auduga mai tsinke da sifirit ɗin da ake wanke kayan lantarki da shi, na goge, na riƙa danna fil ɗin da tsinken sakace har ya fara dawowa da kansa. Ku yi amfani da tsinken itace ko na roba, kada ku sa allura, domin ƙarfe zai iya haɗa fil biyun wuta ta gauraye.

Da na mayar da shi cikin ramin, sai da ya yi kusan minti 20 kafin jar fitila ta kama. Batirin irin wannan kan kai bolt 4.2 (bolt ma'aunin ƙarfin wutar lantarki ne) idan ya cika, kuma idan ya sauka ƙasa ainun ana fara ba shi wuta kaɗan-kaɗan ne, saboda haka wanda ya jira minti biyar ya cire zai yanke hukuncin cewa ya mutu.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Da na ciro su duka, suna iri ɗaya ya fito sau biyu a jerin waya, wanda na danna shi kaɗai ke magana. A yawancin masu wannan ƙira, guda ne ke hulɗa da waya sannan ya miƙa wa ɗan'uwansa sauti, don haka wajibi ne su biyun su fara gane juna kafin waya ta shigo cikin maganar. Maganinsa shi ne a goge abin da suka haddace a lokaci guda. A nawa, na danne wurin taɓawa na duka biyun har wajen daƙiƙa 10 sai da fitilunsu suka ƙyafta tare, amma kowane kamfani da tasa hanyar, alal misali AirPods, wato iyafis ɗin kamfanin Apple, masu maɓalli a bayan akwati ana danne maɓallin ne wajen daƙiƙa 15 har fitilar ta yi ruwan goro sannan ta koma fari. Wannan gogewar ba za ta taɓa yin aiki a daren farko ba, tunda na hagu ba shi da wutar da zai karɓi umarnin.

Bayan gogewar wayar ta ƙi haɗuwa da su, tana ta cewa an kasa. Dalilin shi ne, duk lokacin da na'urori biyu suka haɗu karon farko sukan ƙulla wani makullin sirri kowa ya ajiye nasa. Iyafis sun zubar da nasu, ita kuwa waya tana nan riƙe da na daren jiya tana ta gwada shi. Na shiga jerin na'urorin da ta sani na ce ta manta da sunan, na bincika sabo, suna ɗaya ya fito, sauti ya zo ta kunne biyu. Na je kwamfutar ma na share sunan a can, don kada ta sake ƙwace su.

Abin da ya rage yanzu shi ne batirin na hagu. A gwajin farko ya mutu bayan minti 40, alhali na dama ya haura awa uku. Zan riƙa cika su ina ƙarar da su har mako guda, ina rubuta mintunan kowanne a takarda, in ga ko zai ɗan farfaɗo. Idan bai wuce awa ɗaya ba, sai in tausasa gam ɗin da iska mai ɗumi in buɗe shi in karanta lambar da ke jikin batirin.