Wasiƙa daga Wales: akwati mai makulli uku

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, da fatan kowa na lafiya, ya iyali ya haƙuri da rayuwa.

Ƙauyen da nake zaune a kudancin Wales, wani yanki na Birtaniya, ɗan ƙarami ne, tsohon garin masu haƙar kwal, gidaje a jere jikin tudu sai majami'u da yawancinsu an rufe. To ranar nan na shiga ɗakin taron ƙauyen sai naga wata tsohuwar tuta ta siliki a cikin gilashi, an zana hannaye biyu suna musafaha, gefenta ga wani akwatin katako mai ramin makulli har uku. Wani dattijo maƙwabcina yace min ai kayan ƙungiyar kakansa ne, makullan a hannun mutum uku suke, ba mai buɗe akwatin shi kaɗai. Wallahi tun ranar abin yake raina.

Kun san me ya haifar da irin waɗannan ƙungiyoyin taimakon juna na ma'aikata? Tsoro. A 1834 aka yi dokar da ta sa talaka in ya gaza sai a kaishi gidan gajiyayyu, a raba miji da mata, a raba uwa da 'ya'yanta, in ya mutu kuma hukuma ta binne shi binnewar marar gata, kuma wannan a wajensu ba abin kunyar da ya kaishi. Shi ne lebura da mahaƙin kwal suka riƙa tara kwabo da taro da sisi, irin kuɗin nan dai da kakanninmu suka kashe, suna zubawa a akwati. In rami ya rufta da kai ko ƙurar kwal ta cinye maka huhu a baka kuɗin jinya duk sati, akwai likitan ƙungiya, in ka rasu su yi maka sutura su ba matarka wani abu. Kamar adashi amma ba kwasa, sai wanda masifa ta faɗa wa ne ke ɗauka.

Wasu daga Ingila suka shigo, irinsu Oddfellows na Manchester da suka kafu a 1810, da Foresters na 1834. Yawanci a saman mashaya suke taro, shi yasa Rechabites da aka kafa a Salford a 1835 suka ware tunda su basa shan giya, rassansu ma tanti suke ce musu. Amma wadda ta fi shiga raina Ivorites ce, ta 'yan ƙasa, an kafa ta a Wrexham a 1836 da sunan Ifor Hael, wani mai kyauta na ƙarni na 14 da ke riƙe mawaƙa. Da harshen Wales suke taronsu da rubutunsu a lokacin da hukuma ke raina harshen, takensu zumunci, ƙauna, gaskiya. Suna da kalmar sirri da salon gaisuwa da hannu don in ɗan ƙungiya ya je wani gari neman aiki a gane shi a sauke shi. Sau ɗaya a shekara kuma a fito da tuta da 'yan badujala a zaga gari, a je majami'a, a dawo a ci abinci tare.

A 1911 Lloyd George, ministan kuɗi na Birtaniya a lokacin, shi ma ɗan Wales, ya kawo inshorar gwamnati aka riƙa biya ta hannun ƙungiyoyin nan, sai a 1948 ministan lafiya Aneurin Bevan ɗan garin Tredegar na Wales ya buɗe asibiti kyauta ga kowa, kuma tsarin taimakon jinya na ma'aikatan garinsu ya duba. Alheri ne babba, ba mai musu. Daga nan dai akwatunan suka fara bushewa.

Dattijon nan yace abinda kakansa ya fi faɗa ba kuɗin bane, mutumin da ƙungiya ke turowa duk sati ya ƙwanƙwasa ƙofa ya duba mara lafiya, ya zauna su yi hira. Shi yanzu shekararsa ta haura 80, shi kaɗai a gida, magani kyauta yake karɓa. Na ce masa ranar Asabar zan shigo da tuwo da miyar kuka, yace in zo da wuri zai nuna min hoton kakan nasa riƙe da tutar.

A gaida kowa da kowa.