Wasiƙa Daga Washinton: Turbar Da Daji Ke Neman Haɗiyewa

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu karatu a gida.

Ina rubuto muku daga jihar Washinton da ke arewa maso yammacin Amurka, inda na hau wani dutse mai suna Green Mountain a kwarin kogin Suiattle, kusa da ɗan garin Darrington. Wanda ya san ƙasar nan ta hotunan manyan birane zai yi mamakin hanyar da ke kaiwa wurin, domin kwalta tana ƙarewa tun da sauran tafiya, sai burji mai gargada da ramuka, sannan a ratse zuwa wata siririyar hanya mai hawa ta kimanin kilomita 10, wadda rassan bishiyoyi ke kartar jikin mota hagu da dama. Babu sabis na waya, babu gidan mai, saboda haka mai hankali yakan tafi da safaya taya mai kyau, da taswira ta takarda, ya kuma faɗa wa wani lokacin da zai dawo.

Lalacewar irin waɗannan hanyoyi tana da asali. Yawancinsu an yi su ne domin fito da katako, kuma kuɗin katakon ne ke gyara su. Da aka sanya wata mujiya ta yankin cikin tsuntsayen da doka ke karewa a 1990, aka kuma fito da sabon tsarin kula da gandun daji a 1994, sai saran itace ya ragu ƙwarai, kuɗin gyara ya bi shi. Ita kuwa hanyar Suiattle, ambaliyar 2003 da ta 2006 sun cinye sassanta, ba a sake buɗe ta har ƙarshenta ba sai a watan Oktoba na 2014. A tsawon waɗannan shekaru ƙafa ta ɗauke daga turbobin kwarin, kuma a ƙasar da ruwan sama ya yawaita haka, daji ba ya jiran kowa.

Hawan dutsen kansa ya kai mita 1,000 a cikin kilomita shida da ɗoriya. Ana farawa cikin inuwar manyan bishiyoyi, inda wahalar ita ce tsallake gungumen da iska ta kayar. Daga nan a fita fili, kuma a nan ne dutsen ya cancanci sunansa na kore: ganyaye sun kai ƙugu, wani wurin har ƙirji, sun rufe turbar ta yadda ido ba ya ganin inda ƙafa ke sauka, sai dai tafin ƙafa ya laluba ƙasar da aka taɓa takawa. Raɓar safe takan jiƙa wando sharkaf, ƙudaje masu cizo kuma ba sa ɗaga wa baƙo ƙafa. A ganina wannan sashe ya fi gajiyarwa a kan tsayin dutsen, domin rami ko dutse mai santsi na iya ɓoye a ƙarƙashin kowane ganye.

Saman dutsen yana cikin yankin da wata dokar kare daji ta 1964 ta hana amfani da inji, don haka masu gyaran turba da zarton hannu da gatari suke aiki. Da yawansu 'yan sa-kai ne na ƙungiyar Washington Trails Association, wadda aka kafa a 1966, kuma aikinsu ya yi kama da gayyar share hanyar gona a ƙauyukanmu, sai dai su daga birni suke tasowa.

A ƙololuwa, mai tsayin kusan mita 1,980, akwai ɗakin katako da aka gina a 1933 domin hangen gobarar daji. Wata kotu ta ba da umarnin cire shi a 2012, amma majalisar dokokin ƙasar ta yi doka a 2014 ta bar shi a wurinsa. Daga barandarsa ana ganin Glacier Peak, dutse mai aman wuta da ya haura mita 3,200, wanda ƙanƙararsa ce ke narkewa ta ba kogin Suiattle launinsa na toka-toka.

Ina gaishe ku da fatan alheri. Wassalam.