An gyara sashe na 24, amma kama mutane kan rubutun Facebook bai tsaya ba

Matasan Bauchi da yawa masu sukar gwamnati a Facebook har yau suna jin sunan dokar laifukan intanet kamar dodo, ba su san an yi mata gyara ba. An kafa dokar a 2015, kuma sashe na 24 ne ya fi cin mutane, domin a lokacin ya haramta aika saƙon da zai zagi wani ko ya ɓata masa rai. To wane mai mulki ne za a soka ransa bai ɓaci ba? Kotun ECOWAS ta yanke cewa sashen ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma a watan Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan gyaran.

Yanzu ƙaramin sashe na 1 na sashe na 24 abu biyu ya kama: saƙon batsa, da labarin da mai aikawa ya san ƙarya ne amma ya aika don tayar da tarzoma ko jefa rai cikin haɗari. Hukuncinsa tarar da ba ta wuce naira miliyan 7 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyun. Mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar cewa ka san ƙarya ce. Barazanar kisa kuwa tana nan da nata hukuncin, wanda ya fi wannan tsanani.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙofar baya. Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin shari'ar wannan doka, saboda haka sau da yawa sai a kauce mata, a rubuta tuhumar ɓata suna a ƙarƙashin dokar Penal Code, wato dokar hukunta laifuka ta jihohin Arewa, a kai mutum kotun majistare. Nan za a tura shi gidan yari, a gindaya sharaɗin beli mai wuya, misali ya kawo babban ma'aikacin gwamnati. Ko an sallame shi daga baya, kwanakin da ya yi a tsare sun riga sun rufe bakin abokansa.

Don haka kafin ka latsa, ka tanadi hujja. In kana maganar asibitin ƙauyenku da aka bari ba rufi, ɗauki hoton ginin, adana shi da kwanan wata, nemo shafin kasafin kuɗin da aka sa aikin, ka rubuta abin da aka ware da abin da idonka ya gani. Kada ka kira kowa "ɓarawo", domin kalmar ita ce igiyar da ake ɗaure mutum da ita. A WhatsApp kuma, "turo mini aka yi" ba ta wanke kowa, tunda kai ma ka tura. Kada ka yi saurin gogewa ba ka ajiye kwafi ba: wani ya riga ya ɗauki hoton allon, mai yiwuwa ya yanke rabi, kai kuma ka rasa cikakken rubutunka.

In 'yan sanda suka gayyace ka, je da lauya. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ba ka damar yin shiru har ka gana da shi, kuma dole a kai ka kotu cikin kwana 1 in akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu, kwana 2 ko wa'adin da kotu ta ga ya dace. Kada ka sa hannu a bayanin da aka rubuta da Turanci sai an karanta maka shi da Hausa, layi bayan layi.