Ranar da mota ta ce ana ƙanƙara a Kano

Ina shekara ta biyu da fara koyon riwaya aka kawo mana wata mota, cikin watan Afrilu, rana kamar ta fasa kai. Mai ita ya ce esi ya daina sanyi, sau biyu ana ɗura masa gas a banza. Na leƙa dashbod, sai na ga lambar da ke nuna zafin gari tana -40. A Kano fa!

Maigida ya tafi Ƙofar Ruwa sayo kaya, ni kuwa ina ɗokin nuna na iya. Na kwanta ƙarƙashin bamba na tarar da wayoyi biyu suna lilo. Ashe mai gyaran jiki ne ya tsinke su da ya canza bambar, sansar da ke auna zafin gari ma ta bi tsohuwar. Na fere su, na murɗe su wuri guda, na naɗe da baƙin tef. Ai kuwa lambar ta haura inda ko tanda ba ta kaiwa.

Da maigida ya dawo bai yi faɗa ba. Ya ce, "Kai yaro, makunnin fitila ka ɗauke ta? Ɗauko mita." A nan ya nuna mini cewa 'yar sansar nan, da ba ta wuce ɗan yatsa ba, tana rage wa wuta hanya ne gwargwadon sanyi: in gari ya yi zafi turjiyarta ta ragu, in ya yi sanyi ta ƙaru. Waya ta tsinke, ƙwaƙwalwar mota ta ɗauka sanyi ya kai maƙura, sai ta hana kwamfuresa tashi. Gas ba shi da laifi tun farko.

Wasu sukan liƙa razista, wata 'yar aba da turjiyarta ba ta canzawa, a gurbin sansar su sallami mutum. Esi zai yi sanyi, amma motar ta makance, ko da hunturu lamba ɗaya za ta riƙa faɗa. Ni dai wannan ha'inci nake ganinsa.

Muka sa sabuwar sansa, muka haɗa da dalma, nesa da lagireto don kada ta sha zafin inji. (A Peugeot 406 ma cikin madubin gefe take.) Na tayar da mota, lambar ta ƙi motsi, gabana ya faɗi. Maigida ya miƙo makulli ya ce mu hau titi, da gangan aka yi ta ba ta saurin yarda a tsaye. Muna wuce shatale-tale na biyu ta fara daidaita, ta tsaya a 41.