Gwiwa bayan rauni: ƙwaya ba ta maye gurbin motsi

Yawancin raunin gwiwa da ake samu a Katsina da Daura daga filin ƙwallo yake fitowa, ko faɗuwa a kan babur, ko kuma zamewar doki lokacin hawan sallah. Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne: a ɗaure ƙafar tamau, a kwanta mako uku ko huɗu, a aika yaro kemis ya sayo "maganin ƙashi". Ranar da aka kwance sai a tarar cinya ta rame, gwiwa ta sandare, ba ta miƙewa kuma ba ta lanƙwasuwa. Wannan ramewar ita ce ta fi damuna, domin tsokar gaban cinya ce ke riƙe gwiwa, kuma cikin mako biyu na kwanciya take fara zubewa.

Kafin maganar motsi, a san irin raunin. Wanda ya ji ƙara a cikin gwiwa lokacin da abin ya faru kuma ta kumbura cikin awa biyu, ko ya kasa taka ƙafar taku huɗu, ko gwiwar na maƙalewa ko tana sullewa, asibiti zai nufa, ba wurin mai ɗori ba. Mai ɗori ƙashi ya sani, wannan kuwa sau da yawa jijiya ce ko guringuntsi, kuma ja da murza na iya ƙara yaga su. Hoton ƙashi ma ba ya nuna jijiya, sai na MRI, wato na'urar da ke ɗaukar hoton tsoka da jijiya. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Janar Amadi Rimi a Katsina, ga na ƙashi na Dala a Kano. Idan sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko gwiwa ta yi ja ga zazzaɓi, a je a ranar.

A kwana biyu zuwa uku na farko a naɗe ƙanƙara cikin tawul a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafar kan matashi. Ruwan zafi da man zafi a wannan lokacin kumburi suke ƙarawa.

Idan likita ya ba da izini, motsin farko a kan tabarma ake yinsa. Ka miƙe ƙafa, ka matse tsokar cinya kana danna bayan gwiwa ƙasa, ka riƙe daƙiƙa 5 zuwa 10, sau goma, safe da rana da dare. Sai ka janyo diddige a hankali zuwa ɗuwawu ka mayar. In ka iya ƙame gwiwa a miƙe, ɗaga ƙafar kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, sau goma. In tana lanƙwashewa yayin ɗagawa, tsokar ba ta farka ba tukuna, koma na farko. Kuskuren da ya fi yawa shi ne kwana da matashi ƙarƙashin gwiwa. Da daɗi, amma haka take sabawa da tanƙwara har miƙewa ta gagara, a ƙare da ɗingishi. Ƙarƙashin diddige ake sa shi, minti biyar zuwa goma, nauyin ƙafa ya miƙar da ita.

Bayan tafiya ta daidaita sai a shiga tashi da zama daga kujera ba tare da dafawa ba, hawa dakali mai tsawon santimita 10 zuwa 15, da tsayuwa da ƙafa ɗaya daƙiƙa 30 kusa da bango. Ma'aunin ci gaba guda ne: in ka raba zafi gida goma, kada ya wuce uku, kuma washegari da safe kumburi bai ƙaru ba. In ya ƙaru, an yi gaggawa, a rage rabi. Tsuguno a masai, zaman harɗe, sujada da zaman tahiya duk suna buƙatar cikakken lanƙwaso, su ne na ƙarshen dawowa. Addini ya yi rangwame, a yi sallah a zaune kan kujera har gwiwa ta yarda. Ga 'yan ƙwallo kuwa, wanda aka yi wa aikin jijiyar tsakiyar gwiwa yakan ɗauki kimanin wata tara kafin ya koma wasa. Ɗaukewar zafi ba shi ne warkewa ba.

Batun ƙarin sinadarai, tukunya ce gaba da kemis. Mai jinya na buƙatar furotin kimanin giram 1.6 a kowane kilo na nauyinsa, wato mai kilo 70 ya nemi wajen giram 110 a yini, in dai ba shi da ciwon ƙoda. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin dafaffen wake kusan 15. A haɗa da awara, kifi, nama da nono, a rarraba su a abinci uku maimakon a tara wa dare. Bitamin C, wanda jiki ke gina jijiya da shi, gwaba ɗaya ta wadatar a yini. Kalsiyam da ake so kusan miligiram 1,000 ne, kuma kindirmo, zogale da miyar kuka na taimakawa sosai. Bitamin D yana da amfani ga wanda gwaji ya nuna yana da ƙarancinsa, musamman matan da ba sa samun rana, amma kada a haura 4,000 IU (ma'aunin da ake rubutawa a jikin robar) a yini ba da umarnin likita ba. Glucosamine, ƙwayar ciwon gaɓoɓi da ake tallatawa da tsada, ba ya ɗinke jijiyar da ta yage, kuma yana karo da warfarin, maganin hana daskarewar jini. Kuɗinsa gara a kai sashen gashin ƙashi.

Abin da nake roƙon a guje masa shi ne haɗin ƙwayoyi a leda. Sau da yawa diclofenac ne da piroxicam da dexamethasone wuri guda. Biyun farko aiki ɗaya suke yi, haɗa su na jawo gyambon ciki da lalata ƙoda, balle a zafin bazara ko a cikin azumi. Na ukun yana tayar da suga, yana raunana ƙashi in an daɗe a kansa. Ga shi suna ɓoye zafin da ya kamata ya tsayar da mutum. Farasitamol ya ishi yawancin mutane, kada ya wuce giram 4 a yini, kuma duk robar da za a saya a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarta.