Yadda Na Tada Tsohuwar Land Rover Ta Koma Aiki a Gona

Motar da na gyara Land Rover ce ƙirar Series III, doguwa mai tazarar inci 109 tsakanin tayoyin gaba da na baya, injinta na fetur mai lita 2.25. Na saye ta ne a hannun iyalan wani tsohon ma'aikacin gandun daji bayan ta daɗe a ajiye ƙarƙashin rumfa, domin ina neman abin da zai kai taki gona ya fito da amfani a lokacin da damina ta ɓata hanya. Tun a makonnin farko na gane cewa aikin ba zai tafi daidai ba sai na san dalilin da ya sa aka ƙera ta haka, saboda kusan kowane ɓangare nata yana da nasaba da halin da Birtaniya ta tsinci kanta bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Kamfanin Rover na garin Solihull a Ingila ne ya fito da Land Rover ta farko. Maurice Wilks, babban injiniyan kamfanin, yana amfani da Jeep na sojan Amurka a gonarsa da ke tsibirin Anglesey, sai shi da yayansa Spencer Wilks, wanda ke shugabantar kamfanin, suka yanke shawarar ƙera irinta domin manoma. An nuna ta ga jama'a a baje kolin motoci na Amsterdam ranar 30 ga Afrilu, 1948. A wancan lokaci gwamnati ce ke raba wa masana'antu ƙarfe da ma'auni, don haka aka yi gangar jikin da alminiyum. Wannan ne ya sa mai saye kan ruɗu, domin zai ga ƙofofi da gefen motar lafiya lau alhali shasi da bangon da ya raba inji da mazaunin direba, waɗanda na ƙarfe ne, tsatsa ta cinye su. A tawa motar, bayan shasin ya rube har guduma tana huda shi, kuma duk inda alminiyum ya manne da ƙarfe akwai wani farin gari da ke nuna ƙarafan biyu suna cin juna. Kuɗin da na kashe wajen mai walda ya ninka na inji, wanda wanke kafireta da sauya fulogi da bakin mai kawai ya buƙata kafin ya tashi.

Neman kayan gyara ya kai ni Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, kuma a can ne sanin jerin ƙirar ya yi mini amfani sosai. Series II ta fito a 1958, Series IIA a 1961, Series III kuwa daga 1971 zuwa 1985, kuma da yake sun yi kama da juna, mai shago yakan miƙo maka kayan wata da sunan wata ba da mugun nufi ba. Akwatin giyar Series III yana shiga kowace giya ba tare da ƙara ba, na IIA kuwa yana buƙatar a taka kuloci sau biyu a giya ta ɗaya da ta biyu. Notinan ma yawancinsu a ma'aunin inci suke, sufanun da aka saba kwance motocin Japan da su sai su riƙa cinye musu kai.

Wajen tuƙi, abin da na fi ja wa direban gonata kunne a kai shi ne sanduna biyu da ke kusa da giya. Mai rawayan kai ana danna ta ƙasa don tayoyi huɗu su ja, mai jan kai kuma ita ce ke sa giya mai ƙarfi ta hawan tudu da fita daga taɓo. A kan kwalta ba a barin tayoyi huɗu suna ja, domin wannan ƙirar ba ta da abin da ke daidaita juyin gaba da na baya, kuma matsin da ke taruwa yana iya karya sandar aksil.

Wannan matsala ce Range Rover, wata ƙirar motar kamfanin, ta magance a 1970, da tayoyi huɗu masu ja koyaushe, da sifirin mai murɗi, da injin V8 mai lita 3.5 wanda asalinsa na Buick ne. Daga gare ta One Ten ta 1983 da Ninety ta 1984, waɗanda suka maye gurbin Series III, suka gaji sifirin, kuma su ne aka raɗa wa suna Defender a 1990.

Tsohuwar Defender ta ƙarshe ta fito daga Solihull ranar 29 ga Janairu, 2016, sabuwar kuma a Nitra ta ƙasar Slovakia ake haɗa ta. Na shiga sabuwar, mota ce mai daɗi da ƙarfi, amma a ganina ta bar manomi, saboda in ta tsaya sai an kawo kwamfuta a gano ciwonta. Tawa tana ɗigar mai, tana shan fetur sosai, burkinta na buƙatar ƙafa mai nauyi, amma bakaniken kasuwar ƙauyenmu yana kwance ta ya ɗaure da kayan da ke cikin jakarsa, kuma a daminar bana ita ta fito da masarata daga fadama.