Idan allura ta soki mai shara da tsakar dare

Ni ungozoma ce a wani asibiti a cikin garin Sakkwato, kuma ni ke kula da duk ma'aikacin da allura ta soka ko jini ya fantsamar masa a ido. A wurinmu masu shara ne suka fi ba ni tausayi, domin ba su suka yi allurar ba, kuma ba a kiransu taron bita.

Wani daren Juma'a wata dattijuwa ta ɗaga ledar shara a ɗakin haihuwa, allurar da aka jefa ciki da ɗanyen jini ta huda mata tafin hannu. Na iske ta tana matsa wurin, tana neman bilic.

"Inna, bar matsawa, zo mu je famfo."

Ruwa da sabulu kawai ake so. Matsawa da bilic ƙara ɓata naman suke yi. Tana wankewa tana cewa, "Ɗiyata, don Allah kada ki faɗa ma kowa." Tsoronta a ce tana da ƙanjamau a sallame ta. Na shaida mata tun 2014 akwai dokar da ta hana korar ma'aikaci saboda HIV, kuma maganar daga ni sai likita.

Ba mu san mai jinin ba, balle mu nemi izininta mu gwada ta. Sai muka gwada Inna, ba ta ɗauke da cutar, ta haɗiyi ƙwayar farko ta maganin hana kamuwa da HIV a daren. Maganin shi ne TLD, haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir, ƙwaya ɗaya kullum har kwana 28. Idan aka wuce awa 72 da sukar ba a fara sha ba, ba ya hana kamuwa, kuma farawa cikin sa'o'in farko shi ne aikin. Shi ya sa na daɗe ina roƙo har aka ba mu 'yan ƙwayoyi muka ajiye a durowar masu aikin dare. Ɗakin bayar da wannan magani ba ya buɗewa Asabar da Lahadi; wanda aka ce ya jira Litinin, lokacinsa ya kusa ƙarewa.

Na gaya mata gaskiya: ko jinin na mai cutar ne, kusan mutum 3 cikin 1,000 ke kamuwa ta sukar allura. Ciwon hanta nau'in B ya fi saurin kama mutum nesa ba kusa ba, ita kuwa ba a taɓa yi mata riga-kafinsa ba, don haka muka fara.

Wahalar tana cikin kwana 28 ɗin nan. Tashin zuciya da rashin barci suka sa ta so dainawa a makon farko, na riƙa kiranta a waya bayan Isha'i. A nan na ji tana shan maganin ƙarin jini, wanda ke rage ƙarfin dolutegravir, muka raba lokacinsu. Bayan wata 3 aka sake gwaji, lafiya lau.

Yanzu kowane gado da kwalin zuba allura a kusa, ba a mayar wa allura murfi, kwali ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe shi. Masu shara kuma ina zama da su da Hausa duk wata. Safar hannu mai kauri da na rubuta a saya masu ce har yau nake bibiya.